Muryar da Ke Bayan Gambu

Zuwa ga Ɗanbaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, in dai kana inda takarda ke samun mutum.

Ka san ba ni da boko, ba kuma da tsufana zan fara ba. Ƙanwarka Hajo ce ke danna waya, ni ina faɗa. Ta zo ganin gida daga Gummi na tsare ta. Tana mayar mini da magana Hausar rediyo, wai don mutanen nesa su gane. Na ƙyale ta, amma na ce duk abin da ta rubuta ta karanta mini, kada ta sassauta inda na tsananta. Ta ce in aka saka wasiƙar a dandalin da masu sauraron wani wasa da zan gaya maka ke taruwa a waya, kowa zai gani. Su gani mana. Ba da su nake ba, da kai nake.

Kada ka ga takarda ka ce tsoho ya sauko. Ban sauko ba. Gonar bakin fadama da ubana ya bar mini, wadda ka cika da ramuka kana neman zinari, har yau ba ta koma gona ba. Bara ma akuyar Innarka ta faɗa ɗaya ta karye. Na ce maka kada ka shigo da dutsen nan cikin gida, ka shigo da shi. Na ce turmin hatsi ba na dakan dutse ba ne, ka ce ni mutumin dā ne. Da ciwon ya shigo ƙasar nan, daga 'Yargalma har Bagega yara suna sanƙarewa a bayan iyayensu, likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin ƙurar, 'yarka Ramatu tana cikin waɗanda muka kai kushewa. Ni na ɗauke ta a hannuna don kai ka kasa. Abin da na faɗa maka a bakin kushewarta na faɗa, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ka tafi bayan haka. Ka riƙa turo saƙon murya a wayar Hajo, daga wannan wurin haƙa zuwa wancan, kana gaida Innarka, kana gaida har maƙwabta, ni kuwa ko a ƙarshen magana ba ka sa ni. Ina jin su daga zaure. Daga baya saƙon ya ɗauke. Sai wani mutum ya zo da labarin rami ya rufta da mutane can cikin daji, inda ba a iya shiga saboda 'yan bindiga, wai kana ciki. Na tambaye shi ya gani da idonsa? Ya ce ji ya yi. Dangi suka taho da tabarmi za a zauna makoki, na kore su. Na ce ban ga gawa ba, ban ga likkafani ba, ba wanda zai tsaya a ƙofar gidana ya ce Allah Ya jiƙan wane. Liman ya yi magana har ya gaji. Har yau akwai waɗanda ba ma gaisawa da su saboda wannan, kuma ni ban yi asara ba.

To, ga abin da ya sa na nemi a rubuta maka.

Akwai wani wasan kwaikwayo da ya cika wayoyin mutane tun farkon damina, na murya zalla, babu hoto. Sunansa Waɗanda Ƙasa Ta Ƙi. Kowace Juma'a ake sakin sabon kashi. Na'Allah, abokin kiwonka na yarinta, shi ke hawa tudu inda ake samun sabis ya sauko da shi, ya tura wa mutane a memori. Yanzu rumfar caji gare shi a bakin kasuwa, wayoyi a jere kamar an shanya kuɓewa. Labarin wani gari ne da matattu suka daina zama a kushewa. A rufe mutum da hantsi, kafin la'asar ya taso yana jan ƙafa. Ba sa magana, sai gurnani. Wanda suka ciza ko suka yagusa zazzaɓi ya kwantar da shi, ya mutu, shi ma ya taso. A wasan ana ce musu masu tasowa, irin sunan da ake kiran samari. Na ce wanda ya raɗa sunan nan ya san samarin yanzu.

Na tsani wasan tun ban ji shi ba. Mutum in ya shiga ƙasa ya shiga ke nan sai ranar busa ƙaho. Kuma mu da muke kwana da takalma a ƙafa saboda mutanen daji, me za mu yi da tsoron aro?

Wata rana bayan la'asar na je karɓar tocilata da na ba Na'Allah caji. Na tarar da rumfar cike, magidanta da gemu sun zagaye lasifika, ko tari ba mai yi. Na fara gaya musu abin da ya dace da su. Na'Allah ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Dogo, don Allah yi muna haƙuri, an zo wurin tsohuwa." Ashe a wasan akwai wata tsohuwa da ta kulle kanta a ɗaki tun da masifar ta fara, ita kaɗai ta rage a unguwarsu. Sai aka ji jan ƙafa a tsakar gidanta. Aka ji an tsaya. Can sai wata murya ta ce a hankali, "Inna. Bu-buɗe gambu."

Ɗanbaba, ban san lokacin da na zauna a kan buhun wani ba.

I'inarka ba a kowace kalma take ba, a kan "ba" da "bi" da "bu" take riƙe ka. Malaminku na allo ya sha wahala da kai a kan Bismillahi kafin ka wuce ta. Ga kuma yadda kake jan "Inna" ka sauke ta ƙasa, kamar mai roƙon a ƙara masa tuwo. Wanda ya haife ka ba ya bukatar a gaya masa.

Na ce, "Mayar da shi baya in ji wanga shirme da kyau." Aka mayar. Na ce a sake. Da na tashi, Na'Allah ya biyo ni har bayan rumfa ya rage murya ya ce, "Baba, kai ma ka jiya?" Na ce, "Mi na jiya? Koma ga wayoyinka."

Tun daga ranar Juma'a ba ta wuce ni. Duk sauran 'yan wasan Hausar Kano suke yi, mai santsi, sai wannan murya kaɗai ke magana irin tamu. Kowane kashi da ita ake rufewa. Wata rana ta ƙara da cewa, "Ƙishirwa nika ji." Wata rana shiru kawai, sai numfashi a jikin itace. Tsohuwar ba ta taɓa amsawa ba. Kuma a kan wannan murya duniya ta rabu, don masu wasan ba su faɗi ko wane ne ba, ba su kuma faɗi mai rai ne ko a cikin masu tasowa yake ba.

Na'Allah kan karanto mana abin da masu sauraro ke rubutawa. Mutanen gabas dai ba su san gambu ba. Ba su san ƙyauren ɗaki ne kawai ba, abin da suke ce wa ƙofa. Sai kunnensu ya ji musu "Inna, buɗe, Gambo ne." Shi ke nan fa. Tunda Gambo shi ne wanda ake haifa bayan tagwaye, wai ashe tsohuwar tagwaye gare ta da ba a nuna ba, wai tagwayen ne suka yi fushi suka aiko da annobar tunda an ce suna da asiri, wai Gambo ya zo ne ya karya abin. Wani har ya rantse ya ji kukan jarirai biyu a bayan kiɗan farko. Wani ya ce a'a, Gambu sunan boka ne. Wani ya ce sunan tulun da aka rufe maganin a ciki ne, shi ake cewa ta buɗe. Rumfa ta yi ta birgima da dariya. Wani dattijo ya ce, "A kai su Bukkuyum su kwana ɗaki ba gambu, da sahe su gane." Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Namu na gida kuma gardamarsu daban. Na'Allah yana kan cewa mai muryar mai rai ne. Wai ya shafe jikinsa da ƙasar kushewa don kada masu tasowa su ji ƙanshinsa, yana yawo a cikinsu kamar ɗayansu, shi ya sa yake jan ƙafa. Hujjarsa, matattu ba sa jin ƙishirwa. In yana faɗar haka ba ya kallon wajena, amma na san don wa yake yi.

Akwai kuma Alhaji Sabo, wani Bakano mai sayen zinari da ya daɗe a nan, bayan tafiyarka ya zo, ba ka san shi ba. Shi dai ya san gambu, zama ya koya masa. Ya ce matacce ne. Ya ce a lura, kowane mai tasowa a wasan yana komawa inda zuciyarsa take lokacin da rai ya fita, mahauci ya koma runji wurin yankansa, ladan ya koma masallaci. Wannan da sunan uwarsa a baki ya cika, shi ne harshen ya riƙe kalmomin yana ta maimaitawa, ba ya ma san me suke nufi ba. Ya ce, "Ku yarda da ni, ba uwarsa yake kira ba. Abinci yake kira."

Na ɗaga sandata. Sai da aka riƙe ni. Na ce masa, "Kai mi kas sani? Zinarinmu kaz zo saye ko ɗiyanmu kaz zo kashewa da baki?" Mutumin ya yi tsuru-tsuru, bai san laifinsa ba. Aka yi ta dariya, wai Baba Dogo mai zagin wasa ya fi kowa shiga. Har yau ba na amsa sallamarsa sai don addini.

Ni kuwa ina da nawa hasashen, ban faɗa a rumfa ba. Akwai kashin da aka koma baya aka nuna farkon annobar. Ba daga kushewa ta fara ba. Agwagin garin ne suka fara mutuwa, aka wayi gari babu ko ɗaya a bakin kududdufi, ba wanda ya damu. Sai yara ƙanana suka fara amai da sanƙarewa. Masu sauraro na can suna cewa agwagin alama ce ta aljanun ruwa. Ni da na ji, na gane. Haka aka yi mana. Agwagin Innarka ne suka fara, kai ka kwashe su a kwando ka zubar bayan gari. Na ce mutumin da ke zaune a birni yana tsara wasa bai san wannan ba sai wani na nan ya gaya masa. Wanda ya gaya masa kuma shi ne a bayan gambu.

Ranar na koma gida da sauri kamar saurayi. Na ce ashe kana da rai, kana can wani birni ka samu 'yan wasa. Kafin in kai zaure murnar ta koma haushi. Kana da bakin yi wa duniya wasa, ba ka da bakin gaida uwarka.

Na so in ɓoye mata har in tabbata. Ban san matan maƙwabta suna kunna wasan a wurin sussuka ba. Aka ce tana zaune tana tsince wake muryar ta fito. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta ajiye faifai ta taho gida ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, shi na." Na ce wasa ne, murya takan yi kama da murya. Ta ce, "Ni na haihe shi. Muryatai ta." Ka san ba ta taɓa kama sunanka ba tunda kai ne na fari, ranar ma ba ta kama ba. Amma ta yi wanka ta sa zanen da take zuwa suna da shi, ta jiƙa gero wai ko za ka iso da ƙishirwa.

Na sa aka kira Hajo, na ce ta rubuta wa masu wasan. Ta rubuta a ƙarƙashin inda suke sakin kashi, cikin ladabi, ta ce muryar ta yi kama da ta yayanta da ya ɓace, don Allah a haɗa ta da mai ita. Masu wasan ba su amsa ba. Masu sauraro ne suka amsa. Wasu suka ce dabarar talla ce, masu wasan ne suka ƙirƙiro ta don a ƙara tsorata. Wasu suka ce ai wannan ya tabbatar matacce ne, har a wajen wasa ma muryar ɓataccen mutum aka samo. Wani ya tambaye ta ko a gidanmu akwai tagwaye. Suka ɗauki 'yata da hawayenta suka jefa cikin gardamarsu kamar wani sabon kashi.

A cikinsu ne wani ya rubuta abin da ya hana ni sukuni. Ya ce wataƙila ba mutum ba ne ma. Wai yanzu akwai injin da in aka ba shi muryar mutum kaɗan, sai ya riƙa faɗar duk abin da aka sa shi da wannan muryar. Na ce ƙarya ce. Na je wurin Na'Allah don ya ƙaryata mini, sai ya sunkuyar da kai ya ɗauko wayarsa. Wani abokinsa a birni ya taɓa yi masa don wasa. Ya kunna, na ji Na'Allah da muryarsa ta hanci yana zuba Larabci kamar limamin Juma'a, Na'Allah da ko Fatiha sai an gyara masa. Yana tsaye a gabana bakinsa a rufe, muryarsa na fita daga hannunsa.

Na ce, to ina za su samu muryar ɗana? Ya ce, "Baba, wayoyin da aka ƙwacewa daji, da waɗanda aka cirewa aljihun gawa, duk kasuwa suka ƙarewa. Kuma da abin da ke cikinsu aka sai da su."

Na ce, to agwagin fa? Inji ya san agwagi? Hajo ce ta ba ni amsa da na dawo gida. Ta ce, "Baba, an faɗi zancen agwagin a rediyo tun lokacin. Kowa na iya sani."

Ɗanbaba, na yi shekaru ina cewa wanda ya shiga ƙasa ba ya dawowa, ina yi wa masu jin tsoron wasan nan ba'a. Yanzu ga shi an nuna mini yadda mutum zai kasance a ƙarƙashin ƙasa can cikin daji, ba wanka ba sallah, muryarsa kuma tana yawo gari gari tana kiran uwarsa. In haka ne, Alhaji Sabo ya yi gaskiya ke nan, kalmomi ne kawai ba mai su. In na tuna na zauna ina murna da muryar da wataƙila daga aljihun gawarka aka ciro ta, sai in ture akushi in tashi.

Amma ba wannan ne babban tsorona ba.

Ka san yadda muke yanzu. Ana idar da magariba kowa ya sa gungume a bayan gambu. Mutanen daji ba kullum suke zuwa da harbi ba. Wani lokaci sallama suke yi, su kira maigida da sunansa, su ambaci ɗansa, don akwai masu kai musu labarin kowane gida. A wani ƙauye gaba da Gwashi haka aka fitar da wani bawan Allah da ƙafarsa, har yau ba labari. To yanzu garin nan kaf an san Innarka tana jira. An san kalmomin da take jira. Yara ma wasa suke da su a hanya, wannan ya laɓe bayan katanga yana "bu-buɗe gambu", sauran su watse da ihu. Mugu ba ya ma bukatar kwaikwayo. Muryar tana cikin kowace waya. Ya tsaya a ƙofarmu ya danna, shi ke nan.

Na tashi alwalar asuba ran nan na tarar da gungumen a jingine da bango. Na ɗauka mantuwata ce. Washegari ma haka. Na ɗauko shimfiɗata na gicciya a bakin ƙofa, ni da ciwon baya, kamar kare. Innarka ta tsallake ni ina barci ta cire shi.

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba tun aurenmu. Na ce za ta sa a yanka mu, da Hajo da 'ya'yanta da suka zo. Ta bari na gama. Sai ta ce, "Malam, kai ka hana a yi mashi addu'a. Kai kac ce shina da rai. To mai rai in ya zo gidan ubanai ba a buɗe mashi?"

Na ɗauki sandata na fita zaure.

Na juya maganar ta kowace fuska. Matar nan duk shekarun nan da maganata take riƙe. Dangi sun ce ka mutu, liman ya ce a yi haƙuri, ni na ce a'a, ta bi ni. Muddin ina cewa kana da rai, hannunta ba zai bar gungumen nan ba. Abu ɗaya ne zai zaunar da ita: ta ji daga bakina cewa ka rasu, ta ga an shimfiɗa tabarmi, ta ji an shafa Fatiha. In ta yarda ka mutu, duk muryar da ta zo za ta san ba kai ba ne, don ita ba ta yarda da masu tasowa ba, ta fi ni tauhidi.

An ce Juma'a mai zuwa za a saki kashi na ƙarshe, a ji ko tsohuwa za ta buɗe. Rumfar Na'Allah har an fara rantse-rantse. Ni ban damu da abin da tsohuwar wasa za ta yi ba, tawa nake tsoro. In aka nuna mai rai ne, ba mai iya riƙe Innarka kuma, a bakin ƙofa za ta tare. In aka nuna matacce ne ya cinye uwarsa, ban san abin da zuciyarta za ta yi ba, hawan jininta ka san shi. Ba zan bari 'yan wasa su yanke mana wannan hukunci ba. Na yanke shawara: in har aka sauko daga masallaci ranar ban ji daga gare ka ba, zan tsayar da liman in ce ya taho da jama'a. Ni da na kori tabarmi, ni zan shimfiɗa ta da hannuna, a gaban duk waɗanda suka ce taurin kai ne da ni. Su yi dariyarsu.

Kana tuna ranar da na fara kai ka kasuwar Gwashi a wuyana? Ba za ka tuna ba, ƙafafunka ko ƙirjina ba su kai ba. Ka ga mai burodi ka miƙa hannu, kalmar ta maƙale maka, kana "bu, bu, bu", fuskarka ta yi ja. Mutumin ya kwaikwaye ka, 'yan rumfarsa suka yi dariya. Ka ɓoye fuska a hulata. Na zagaya har ƙarshen kasuwa na samo maka a wurin wani. Wancan na farko har ya bar duniya ban ƙara sayen ko tsinke a hannunsa ba, ya mutu bai san dalili ba. A hanyar dawowa ka yi barci, yawunka na zuba a wuyana, ban goge ba don kada ka farka.

Yanzu ga i'inar nan a bakin kowa, ana cewa gwanintar ɗan wasa ce, wai haka haƙoran gawa ke kaɗawa. Ina zaune a cikinsu ina ji.

Saboda haka ka saurara, ɗana. In kai ne, in numfashinka ne nake ji a jikin itacen nan, ka kira wayar Hajo, lambarta ba ta canja ba. Kada ka turo saƙon murya, na daina yarda da shi. Ka kira, a miƙa wa Innarka, ta tambaye ka abin da ta ga dama ka ba ta amsa da bakinka. Ka gaya mata kana inda kake, kuma in za ka zo da rana tsaka za ka zo, ta bar gungume a wurinsa. Ba sai ka gaishe ni ba. Ba sai ka dawo ba ma in ba ka so. Zan fita zaure in ba ku wuri, kamar yadda na saba.

In kuma wani ne ke karanta wannan da ya san mai muryar, ko ya san inda aka samo ta, to ka ji, da kai ma ake. Hajo ta ce in roƙe ku da taushi. Na roƙe ku.

Kada ka sa in rufe ka da bakina, Ɗanbaba. Na rufe 'yarka da hannuna, ya ishe ni.

Allah Ya tsare ka inda kake. Allah Ya kare ka daga rami da mutanen daji da mugun abokin tafiya. Allah Ya shayar da kai in kana jin ƙishirwa. Allah Ya sa wannan takarda ta riga Juma'a isa gare ka. Akwai ɗaya addu'ar, wadda ake yi wa waɗanda suka riga mu. Hajo ta ɗago kai tana jira in faɗa. Na ce ta ajiye wayar, ba yau ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka, wanda har yanzu yake fushi da kai,
Mamman Dogo.